Yadda Za Ka Amfana da Shawarar Gudu da Agogonka Yake Bayarwa Bisa Barcinka

Duk wanda ya saba fita gudun safe a Jos, ko a titin Rayfield ne ko ta wajen madatsar ruwan Lamingo, zai shaida cewa agogon motsa jiki ya yawaita a hannun jama'a cikin 'yan shekarun nan. Wani ya sayi sabo, wani ya samu na hannu, wani kuwa ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga ƙasar waje. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda mutane suka kasu biyu game da shawarar atisayen da agogon ke bayarwa kowace safiya. Akwai waɗanda ba su ma san da ita ba, nisan gudu da saurinsa kawai suke dubawa, akwai kuma waɗanda suka ɗauke ta tamkar yankan wuƙa, idan agogo ya ce a huta sai su koma cikin bargo ko da kuwa jikinsu garau yake. Dukansu sun yi asarar amfanin abin da suka zuba wa kuɗi, kuma dalilin ɗaya ne, wato ba su san inda shawarar take fitowa ba. Wani ɓangarenta daga gudun da ka yi a kwanakin baya yake, wani ɓangaren kuma daga abin da agogo ya gani a jikinka sa'ad da kake barci.

Abin da agogo yake gani cikin dare

Idan ka juya bayan agogon za ka ga wasu ƙananan fitilu, galibi koraye, suna ƙyaftawa. Haskensu yana shiga fata ya dawo, kuma da yake jini yana shanye koren haske, duk lokacin da zuciya ta buga ta turo jini zuwa wuyan hannu sai hasken da ke dawowa ya ragu. Da wannan raguwa da ƙaruwa ne agogo ke ƙirga bugun zuciya. A cikinsa kuma akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi, wadda take sanin ko hannunka yana ajiye wuri ɗaya ko kana juye-juye. Daga waɗannan biyun ake ciro kusan duk abin da za ka gani da safe: tsawon barci, yawan farkawa, bugun zuciya a lokacin hutu, da saurin numfashi.

Akwai awo guda da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan batun murmurewa, shi ne wanda ake rubutawa da haruffan HRV, wato bambancin tazarar bugun zuciya. Zuciyar mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida kamar sandar daƙiƙa ta agogon bango. Ko da tana buga sau 60 a minti, tazarar da ke tsakanin wannan bugu da na gaba takan ɗan haura daƙiƙa ɗaya, ta gaba kuma ta ɗan gaza. Wannan bambancin tazara shi ake aunawa, da ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Dalilin da ya sa yake da muhimmanci shi ne jijiyoyi iri biyu ne ke jan ragamar zuciya ba tare da saninmu ba. Iri na farko su ne masu zaburar da jiki idan akwai aiki ko tsoro ko damuwa, na biyu kuma masu kwantar da shi domin hutu da narkar da abinci da gyaran tsoka. Idan na biyun ne ke riƙe da ragama, tazarar bugun takan sassaɓa sosai, sai adadin ya hau. Idan kuwa jiki yana fama da gajiyar gudun jiya, ko rashin lafiya, ko ƙishirwa, ko tunani ya yi wa mutum yawa, sai zuciya ta riƙa bugawa a tsare kamar ganga, adadin ya sauka. Ana auna shi cikin barci ne saboda a lokacin babu motsi, babu magana, babu hawan bene da za su gurɓata awon.

Wannan adadi naka ne kai kaɗai. Na sha ganin abokan gudu sun tsaya bayan atisaye suna gwada fuskokin agogonsu, wanda nasa ya nuna 45 ya shiga damuwa don na abokinsa ya nuna 80. Babu abin damuwa a nan, domin shekaru da gado da yanayin jiki suna sa ya bambanta ƙwarai tsakanin mutum da mutum, kuma yakan ragu idan shekaru suna ja. Abin da agogo yake kwatantawa shi ne darenka na jiya da dararenka na baya. Kamfanin Polar na ƙasar Finland, mai ƙera irin waɗannan agoguna, a tsarinsa mai suna Nightly Recharge, yana duba bugun zuciya da bambancin tazara da numfashi a kimanin awa 4 na farkon barci, ya gwada su da abin da ya saba gani a kwana 28 da suka wuce. Garmin kuwa, wani kamfanin agogon, yana ɗaukar matsakaicin dare 7 ya ɗora shi a kan mizaninka na dogon lokaci, ya gaya maka ko kana cikin iyakar da ka saba ko ka fita daga cikinta.

Game da matakan barci da manhaja ke zanawa da launuka, wato barci mara nauyi, da mai nauyi, da wanda aka fi yin mafarki a cikinsa, shawarata ita ce kada ka ɗora musu nauyi da yawa. A asibiti, igiyoyin ƙwaƙwalwa ake aunawa kafin a tantance su, agogo kuwa hasashe yake yi daga motsi da bugun zuciya. Ya fi ƙwarewa wajen sanin lokacin da ka kwanta da lokacin da ka tashi, kodayake nan ma yakan ɗauki mai kwance shiru idonsa biyu a matsayin mai barci.

Shirin farko

Kafin ka yarda da kowace shawara, sai ka ba agogon gaskiyar bayaninka. Ka shigar da shekarunka da nauyinka da tsayinka yadda suke. Sannan ka duba adadin da ya sa maka a matsayin iyakar bugun zuciyarka, domin a kan wannan adadi ne yake raba gudu zuwa mai sauƙi da matsakaici da mai tsanani. Lissafin da aka fi sani shi ne a cire shekarun mutum daga 220, sai mai shekara 40 ya samu 180. Ƙiyasi ne kawai, kuma mutane da yawa nasu ya haura haka ko ya gaza da bugu goma ko fiye. Idan an sa maka adadin da ya gaza naka na gaskiya, agogo zai riƙa ɗaukar sassarfarka ta yau da kullum a matsayin gudu mai tsanani, ya riƙa tura ka hutun da ba ka buƙata. Idan ka taɓa ganin bugunka ya haura adadin da aka sa a ƙarshen wani gudu mai wuya, kamar hawan tudu da ka ƙure kanka a kai, to ka gyara shi da hannunka.

Ɗaurin agogo ma yana da ƙa'ida. Ka ɗaga shi sama da ƙashin wuyan hannu da kamar faɗin yatsa, ka ɗaure yadda ba zai riƙa zamewa ba, ba kuma zai matse ka ya bar shaida ba. A lokacin hunturu, wanda a Jos ba wasa ba ne daga Disamba zuwa Janairu, jini yakan janye daga fata saboda sanyi, sai fitilun su kasa karanta bugun da kyau a mintocin farko na gudu. Maganinsa shi ne ka sa riga mai dogon hannu ka rufe agogon, ka kuma ɗumama jiki da tafiya kafin ka danna farawa. Wanda yake da hali ya sayi ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya, domin ta fi fitilun daidaito idan gudu ya yi sauri, sai dai a lokacin bushewar iska ya jiƙa ta da ɗan ruwa kafin ya ɗaura.

Bayan haka sai haƙuri. Agogon Garmin yana buƙatar kimanin mako 3 kana kwana da shi kafin ya kafa mizanin bambancin tazarar bugunka, na Polar kuma yana fara ba da sakamako bayan dare 3, yana ƙara daidaita yayin da darare ke taruwa. Yana kuma buƙatar ka yi 'yan gudu a waje, da na'urar gano wuri a kunne, kowanne aƙalla minti 10 da ɗan ƙarfi, kafin ya ƙiyasta ƙarfin jikinka na amfani da iskar oksijin. A makonnin nan na farko ka ci gaba da gudunka yadda ka saba, kana kallon shawarar ba tare da ka bi ta sau da ƙafa ba.

Darenmu ba irin wanda aka tsara agogon a kansa ba ne

Nan ne na fi so mai karatu ya natsu. Lissafin da ke cikin waɗannan agoguna ya fi dacewa da mutumin da yake kwanciya sau ɗaya ya tashi sau ɗaya, a ɗakin da zafinsa ba ya canzawa. Mu kuwa da yawanmu muna tashi sallar asuba, mu je masallaci mu dawo, wasu su koma su ƙara awa ɗaya ko biyu. Akwai maƙwabtanmu masu kwana addu'a a coci, akwai ma'aikatan jinya da masu gadi da direbobi da aikinsu na dare ne, akwai uwa mai shayarwa da ke tashi sau uku kafin gari ya waye. Ni kaina na yi makonni agogona yana rufe lissafin barcina da ƙarfe 5 na asuba, barcin da nake komawa bayan salla kuma ba ya shiga ko'ina. Kowace safiya sai ya nuna mini awa 5 da 'yan mintoci, ya rage mini maki, ya sauya gudun da ya kamata in yi da sassarfa. Da na shiga saiti na gyara lokacin da na saba kwanciya da wanda na saba tashi na ƙarshe, lamarin ya daidaita sosai. Don haka ka sa lokacin tashinka na ƙarshe, ba na asuba ba, idan kana cikin masu komawa. Idan kuma wata rana ka ga ya yanke maka barci, manhajojin waya da yawa suna ba da damar gyara lokacin farawa da ƙarewa da hannu. Sababbin agoguna suna gane ƙailula su lissafa ta daban, tsofaffi kuwa da yawa ba sa ganinta, don haka idan kana samun barcin rana ka san cewa jikinka ya fi abin da aka nuna hutawa.

Sai batun caji, wanda ƙaramin abu ne amma shi ke ɓata wa mutane da yawa lissafi. Idan an wuni babu wuta aka kawo ta da ƙarfe goma na dare, abin da hannu ya saba shi ne a jona komai a kwanta, har da agogo. Duk daren da agogo ya kwana a jikin caja, babu awo, kuma idan irin wannan dare ya yawaita sai matsakaicin ya rasa abin dogaro. Ka mai da lokacin wanka ko lokacin zama a wurin aiki ya zama na caji, ko ka jona shi a ƙaramin batirin ajiyar wuta da rana, tunda ba ya cin wuta mai yawa. Haka nan masu cire shi lokacin alwala su tuna su mayar, musamman a alwalar isha'i, su kuma goge bayansa da fatar hannu su bushe.

Akwai abubuwan da ke sauke awon dare ba tare da sun shafi gudu ba, kuma yana da kyau ka san su domin kada ka zargi atisayenka a banza. Cin tuwo mai nauyi ko tsire dab da kwanciya yana sa zuciya ta kwana tana aiki. Shayi mai kauri, da kofi, da goro, da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa yakan rage a jiki bayan kimanin awa 5, saboda haka abin da aka sha da magariba yana nan a tsakar dare. Giya, ga masu sha, tana cikin abubuwan da suka fi saurin bayyana a wannan awo. Zafin ɗaki idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya, da kukan sauro, da ƙarar janareto, su ma suna da nasu kason. Idan ka tashi ka ga adadi ya faɗi, ka fara tambayar kanka yadda daren ya kasance tun kafin ka tambayi ƙafafunka.

Watan azumi kuwa babi ne mai zaman kansa. Barci yakan rabu gida biyu ko uku tsakanin asham da sahur da tahajjud a goman ƙarshe, ruwan jiki yana raguwa da rana, abinci mai yawa kuma yana shiga da dare. Agogo bai san kana azumi ba. Zai ga alamun gajiya ya rage maka nauyi, wanda daidai ne, amma zai iya kuma wayar gari ya ba ka gudu mai tsanani a ranar da awon ya ɗan gyaru, alhali babu damar shan ruwa sai magariba. A ganina, a wannan wata mutum ya riƙe gudu mai sauƙi, ko dab da buɗa-baki ko bayan an sha ruwa abinci ya faɗa, ya bar mai tsanani sai bayan salla. Agogon Garmin yana da wurin dakatar da lissafin matsayin atisaye, wanda aka yi domin mai jinya ko rauni, kuma idan aka dakatar da shi shawarwarin ma sukan tsaya har sai an sake kunnawa. Wanda jan launi da ƙananan maki ke tayar masa da hankali zai iya amfani da shi a wannan lokaci.

Yadda shawarar take haɗuwa, da yadda za ka karanta ta

Kowane gudu da ka yi, agogo yana ba shi nauyi bisa yadda bugun zuciyarka ya hau da tsawon lokacin da ya ɗauka a sama. A agogon Garmin wannan lissafi ya samo asali ne daga kamfanin Firstbeat Analytics na Finland, wanda Garmin ya saya a 2020, kuma ya ginu ne a kan ƙiyasin ƙarin iskar oksijin da jiki zai ci bayan atisaye kafin ya koma daidai. Ana tara nauyin kwanakin nan na kusa a gwada shi da abin da ka saba ɗauka a makonnin baya, ana kuma duba ko cikin mako 4 da suka wuce wani nau'in gudu ya yi ƙaranci. Daga nan ake fitar da awannin murmurewa, waɗanda kan iya kai wa kwana 4 bayan gudu mai tsananin gaske. Waɗannan awanni ba umarnin zama a gida ba ne, lokaci ne da ya rage kafin jiki ya shirya wa wani gudun mai wuya, kuma sassarfa a cikinsu ba ta da laifi. Barci mai kyau yana sa su ragu da sauri, barci mara kyau ko wuni mai cike da damuwa kuma yana jinkirta su.

Duk wannan ne ake dunƙulewa a maki ɗaya na shirin atisaye, wanda a fuskar Garmin yake fitowa da sunan Training Readiness, daga 1 zuwa 100. Abubuwa shida ne ke cikinsa: barcin daren jiya, awannin murmurewa da suka rage, matsayin bambancin tazarar bugu, nauyin atisayen kwanakin nan, barcin 'yan dararen baya, da damuwar 'yan kwanakin baya. Daga 75 zuwa sama jiki ya shirya, 50 zuwa 74 matsakaici ne, ƙasa da 50 ana so a sassauta, ƙasa da 25 kuwa hutu ya fi. Polar yana da nasa mai ba da shawarar atisaye, FitSpark, wanda ke dogara da sakamakon dare. Shawarar da za ta fito takan kasance ɗaya daga cikin 'yan nau'o'i: gudun gina tushe mai sauƙi, sassarfar warware gajiya, dogon gudu, gudu mai ɗan tsanani da ake riƙewa na mintoci masu yawa, gajeren gudu mai sauri da ake maimaitawa da hutu a tsakani, ko hutu ɗungurungum. Idan ka shigar da ranar wata gasa da nisanta a kalandar manhaja, shawarwarin sukan karkata zuwa shirya ka domin ita.

Ga yadda nake ba da shawarar a yi da safe. Kafin ka kalli agogo, ka zauna a bakin gado ka saurari jikinka na ɗan lokaci: ƙafafu sun yi nauyi ko sun sake, akwai ciwon kai, akwai kasala irin wadda ba ta barci ba ce. Sannan ka duba makin, kada ka tsaya a kansa, ka shiga ciki ka ga wanne daga cikin abubuwan shida ne ya ja shi ƙasa. Idan barcin dare ɗaya ne kawai ya gaza, sauran kuma lafiya lau, jikinka ma bai nuna komai ba, za ka iya yin gudun da ka tsara, ka bar minti 10 na farko su zama alƙali. Idan kuwa bambancin tazarar bugu ya kwana uku ko huɗu yana ƙasa da iyakarka, bugun hutu kuma ya hau, to ka yarda da agogo ko da zuciyarka tana son fita.

A Jos akwai saiti guda da nake ganin wajibi ne a canza. Agogo yakan ba ka zaɓi tsakanin bin shawara da saurin gudu ko da bugun zuciya. Garinmu hawa da gangara ne, kuma yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, inda iskar oksijin da ake shaƙa ta ɗan gaza ta Abuja. Wanda ya nace sai ya riƙe minti 6 a kowace kilomita a kan hawa, zai mai da gudu mai sauƙi ya koma mai tsanani, gobe kuma ya ga sakamakon a awon darensa. Ka zaɓi bugun zuciya a gudu mai sauƙi da dogon gudu, ka rage sauri a hawa ko da za ka koma tafiya, ka bar bin sauri sai ranar da kake shimfiɗaɗɗen wuri kamar filin wasa na Rwang Pam. Gudu mai sauƙi shi ne wanda za ka iya hira da abokinka a cikinsa ba tare da haki ya katse maka magana ba, kuma a nan ne masu gudu suka fi saɓa wa agogo, domin a ganinsu abin kunya ne a wuce su a hanya. Ni kuwa ban ga abin da ya fi gyara awon darena ba kamar rage saurin waɗannan ranaku.

Masu zirga-zirga tsakanin Jos da Abuja su lura da wani abu. Wasu agogunan Garmin suna gyara lissafinsu idan tsayin wuri ya haura mita 800 ko zafi ya haura digiri 22, kuma bayanin zafin daga wayar da aka haɗa da agogo yake zuwa. Jos ta haura wancan tsayi, Abuja ba ta kai ba, amma zafinta a watan Maris da Afrilu ya wuce wancan adadi nesa ba kusa ba. Baƙon da ya hau Jos zai iya ganin bugun hutunsa ya ɗan ƙaru a dararen farko, mutumin Jos da ya sauka ya zaga tafkin Jabi a bazara kuma zai ga zuciyarsa tana bugawa fiye da yadda ta saba a saurin da ya saba. Duka biyun ba alamar ƙarfi ya ragu ba ne, kwanaki kaɗan na sassauci suke buƙata.

Inda agogo ba ya gani, da inda yake riga ka gani

Agogo ba shi da labarin gwiwarka, ko agararka, ko ƙashin ƙwaurinka. Zuciya da huhu sukan murmure kafin jijiya da gaɓa, saboda haka za ka iya tashi da maki 85 da shawarar gudun sauri alhali diddigenka yana suka duk sa'ad da ka taka ƙasa. A irin wannan rana ciwon ne ke da magana. Tsamin jiki da ya bazu a cinyoyi biyu bayan gudu mai wuya abu ne da aka saba, yana kuma sakin mutum idan jiki ya ɗumama, amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya, yake ƙaruwa da gudu ko yake sa ɗingishi, ba a gudu a kansa. Haka kuma agogo ba ya sanin aikin ƙarfin da ka yi a gona ko a wurin gini sai abin da bugun zuciya ya nuna masa, kuma ƙwallon da ka buga da yamma ba tare da ka danna farawa ba ba lallai ta shiga lissafin nauyi yadda ya kamata ba. Duk atisayen da ka yi, ka kunna masa.

Ta ɗaya gefen kuma, wani lokaci yakan riga ka ganin abin da ke tafe. Wata damina na tashi na ga bugun hutuna, wanda ya saba zama wajen 55, ya kai 64, bambancin tazara ya faɗi, numfashin dare ya ƙaru, alhali ban yi wani gudu mai wuya ba kuma na yi barci isasshe. Na ɗauka kuskuren awo ne na fita na yi guduna, na dawo jiki babu daɗi. Washegari da yamma zazzaɓi ya rufe ni, gwaji kuma ya nuna na cizon sauro ne. Tun daga ranar, idan na ga waɗannan alamu uku sun haɗu babu dalili, nakan ajiye takalmi in sha ruwa in saurara. Agogo ba ya gano cuta kuma ba ya maye gurbin gwaji a asibiti, amma yana iya nuna cewa jiki yana kokawa da wani abu. Ba a gudu da zazzaɓi ko kaɗan, kuma bayan an warke a dawo da sassarfa na 'yan kwanaki, a jira bugun hutu ya koma inda ya saba kafin a karɓi shawarar gudu mai tsanani. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, su nemi izinin likita kafin su bi irin wannan shawara, su kuma sani cewa wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, abin da ke karkatar da duk lissafin agogo. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko zuciyarsa tana fizga a lokacin gudu, ya tsaya nan take ya nufi asibiti, ko mene ne agogo ya nuna.